“Wace rana aka cece ka?” Tambayar da muke rikita yara da ita

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a tarurrukan yara da matasa na majami'unmu, daga Maraɗi har Dogon Dutsi: “Wace rana ka karɓi Yesu?” Yaron da ya iya faɗin rana da wata da shekara, sai a tafa masa. Wanda ya yi shiru yana sosa ƙeya, sai a ce masa da sauransa, ya fito gaba a yi masa addu'a. Ni kam na ce tambayar nan, yadda ake yin ta, ɓarna take yi. Koyarwar da ke ƙarƙashinta kuma, wato cewa ceto abu ne na minti biyar da ake gamawa a rufe littafi, guntuwar koyarwa ce. Da ƙarya ce tsagwaronta da an daɗe da gane ta. Wuyar abin shi ne akwai gaskiya a cikinta, sai dai an yanki gefe ɗaya an ɗaga sama, an bar sauran a ƙasa.

Na san da yawa cikin abokan aikina da iyayen da za su karanta wannan Musulmi ne. Wannan gardama ce ta cikin gidanmu, mu Kirista, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Amma ƴaƴanmu da naku benci ɗaya suke zama, kuma duk wanda ya taɓa renon yaro ya san bambancin furuci da hali. Ku saurara, ba za ku rasa abin ɗauka ba.

Ga abin da nake gani. Yaro ɗan shekara goma ya je taron hutu. Daren ƙarshe aka yi wa'azi mai zafi, aka ambaci wuta, aka ce kowa ya rufe ido, mai son ceto ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. Aka rubuta sunansa, aka ƙirga shi. Baɗi ya koma, wani mai wa'azi ya zo, ya sake ɗagawa, aka sake ƙirga shi. Na san yaran da suka ɗaga hannu sau huɗu kafin su kai aji na BEPC. Ka tambaye su dalili, amsar iri biyu ce. Wasu su ce: “Mushe, bayan na farkon na yi ƙarya, na yi faɗa, ina jin bai kama ba.” Waɗannan tsoro ke cin su, suna zaton ceto wani abu ne kamar allurar rigakafi da ke iya ƙin kamawa. Wasu kuma, waɗanda suka fi ba ni tsoro, ba su da wata damuwa ko kaɗan. An faɗa musu an gama, sun yarda an gama. Yaron ya kwafi amsa a jarrabawa, ya zagi uwarsa, ya ɗauki jika biyu a aljihun ubansa, in ka yi magana ya ce shi ai cetacce ne tun shekara kaza. Iyaye su ma sai su sauke kaya: ai ya riga ya tuba a taro, saura aikin fasto.

Masu wannan koyarwa suna da hujjoji, kuma ba zan yi kamar ba su da su ba. Za su kawo maka ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu, wanda bai yi makarantar Lahadi ko ta kwana ɗaya ba, amma aka yi masa alkawarin aljanna a ranar. Za su kawo mai tsaron kurkukun Filibi, wanda ya ba da gaskiya da tsakar dare aka yi masa baftisma kafin gari ya waye. Za su kawo Bulus a hanyar Dimashƙu. Duk gaskiya ne, na kuma yarda da abin da suke son karewa: Allah ba ya sayar da gafara kashi-kashi, ba ya jira sai mutum ya tara ayyuka sun cika mudu kafin ya karɓe shi. Wanda ya dogara ga Almasihu an karɓe shi ɗungurungum, a lokacin, kyauta. A nan ba ni da ja.

To amma a karanta labaran har ƙarshe mana. Ɗan fashin nan ya mutu a ranar. Tafiyarsa gajera ce don kwanansa ya ƙare, kuma yaranmu da muke fata su yi shekara saba'in ba a kan gicciye suke ba. Bulus kuwa, bayan hasken nan, kwana uku ya yi makaho ba ci ba sha, sai da Hananiya ya zo ya ɗora masa hannu. Da bakinsa ya shaida wa Galatiyawa cewa ya tafi ƙasar Larabawa, sai bayan shekara uku ya hau Urushalima ya ga Bitrus. Shekaru da yawa bayan haka, yana kurkuku, ya rubuta wa mutanen Filibi cewa shi bai kai ba tukuna, yana dai gudu. Mutumin da aka fi kafa hujja da shi a kan tuba ta farat ɗaya, shi ne ya ƙi cewa ya gama.

Ni malamin aji ne, shekara da shekaru ina koya wa yara lokutan aikatau, abin da ya wuce da wanda ake ciki da mai zuwa, har alli ya cinye mini yatsu. Saboda haka ba na iya karanta wasiƙun Bulus ban lura da lokacin da ya sa kalmar ceto a ciki ba. Ga Afisawa, a sura ta 2, ya yi maganarsa a matsayin abin da ya riga ya tabbata, ta alheri, ta wurin bangaskiya. Ga Korintiyawa, a farkon wasiƙarsa ta fari, siffar kalmar a Girkanci ta abin da ke gudana ce, wato mutanen da ake kan cetonsu. Ga Romawa kuma, a sura ta 13, ya ce musu ceton ya fi kusa yanzu a kan ranar da suka fara ba da gaskiya. Yaya abin da aka gama zai ƙara matsowa kusa? Marubuci ɗaya ne, kalma ɗaya ce, lokuta uku. Ɗalibin da na ba shi aikatau ya juya, ya kawo mini shuɗaɗɗen lokaci kaɗai ya ce ya gama, ba zan ce ya yi kuskure a abin da ya rubuta ba, amma ba zai sami rabin maki ba.

Sai kuma mutanen da ba a son ambata a daren ƙarshe na taro. Siman mai sihiri na Samariya: Littafin Ayyukan Manzanni ya ce ya ba da gaskiya, an yi masa baftisma, ya manne wa Filibus. Da a taronmu ne da sunansa na cikin rahoto. Kwana kaɗan ya fito da kuɗi zai sayi ikon Ruhu, Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take ba a gaban Allah. Dimas abokin aikin Bulus ne, har ana aika gaisuwarsa a wasiƙu, daga baya son duniya ya ja shi ya tafi. Bitrus kansa fa, wace rana za ka sa a takardarsa? Ranar da ya bar taru a bakin teku? Ranar da ya shaida Yesu ne Almasihu, wanda jim kaɗan aka tsawata masa da kakkausar murya? Daren da ya yi musu sau uku, ko safiyar da aka mayar da shi? Bayan duk wannan ma, a Antakiya, sai da Bulus ya tsaya masa ido da ido don ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba.

Wanda ya fi dacewa da ƴaƴanmu shi ne Timoti. Ba a ba mu wani dare da ya ɗaga hannu ba. Abin da aka ba mu sunayen mata biyu ne, kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki, da shaidar cewa tun yana jariri ya san Littattafai. Da Timoti zai zo taron matasanmu a tambaye shi rana, ina jin da shi ma an ce ya fito gaba. Yarinyar da ta tashi a gidan masu bi, tana addu'a tun kafin ta iya ɗaura zane, ba ta tuna ranar da ba ta ƙaunar Yesu, wannan alheri ne babba aka yi mata. Mu kuma sai mu mayar mata da shi abin kunya, har ta ƙago rana don ta huta da tambaya. Mun koya mata ƙarya ke nan da sunan shaida.

Mutane da yawa suna zaton kiran fitowa gaba tun zamanin manzanni ake yin sa. Al'ada ce da ba ta daɗe ba. Wanda ya fi yaɗa ta shi ne wani mai wa'azi na Amurka, Charles Finney, wanda a taronsa na birnin Rochester a 1830 zuwa 1831 ya ware benci a gaba don masu damuwa da ransu su zo su zauna. Tun a lokacin aka yi masa ja. A 1843 wani malamin tauhidi, John Nevin, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bencin nan, yana cewa hanya ce ta motsa zuciya na ɗan lokaci, ya gwada ta da tsohuwar hanyar koyar da yara tambaya da amsa a gida da majami'a. Daga Finney abin ya gangaro har Billy Graham, wanda ya yi wa'azi a Kaduna da Jos a 1960, har manyan tarurrukan Reinhard Bonnke a Najeriya inda ake ƙirga katunan masu tuba da miliyoyi. Daga can ya tsallako iyaka ya iso mu. Abin lura shi ne Graham kansa bai yarda katin ya isa ba: tun farkon shekarun 1950 ya nemi Dawson Trotman ya tsara masa yadda za a bi mutanen bayan taro a koyar da su. Mu mun ɗauki fitowa gaban, mun bar bibiyar, don ita ce mai wahala kuma ba ta yin kyau a hoto.

In faɗi abin da kowa ke faɗa a ɓoye: ƙirgar tana da amfani ga masu rubuta rahoto. “Yara 200 sun karɓi Yesu” jimla ce mai daɗin aikawa ga wanda ya ba da kuɗin shinkafa da mota. “Mun zauna da yara 12 kowace Laraba har shekara uku” ba ta tayar da tsikar jikin kowa. Ba na zargin kowa da cin amana, yawancin masu shirya tarurrukan nan mutanen kirki ne masu sadaukarwa. Amma mu malamai mun san yadda lissafi ke lalata aiki. Mun san bambancin yawan sunayen da aka rubuta a CI ranar buɗe lakwal da yawan waɗanda suka kai CM2 suna iya karanta wasiƙa. Yaron da aka rubuta sunansa ɗalibi ne cikakke tun ranar, ba mai ce masa rabin ɗalibi, yana da wurin zama da suna a rajista. Sai dai babu darakta mai hankali da zai ba shi takardar gamawa a ranar, ya sallame shi gida. Misalin yana ɗingishi ta gefe ɗaya, na sani, don ɗalibi da ƙoƙarinsa yake cin jarrabawa, mai bi kuwa Allah ne ke aiki a cikinsa tun daga nufi har aikatawa. Amma a wurin da Bulus ya faɗi haka, a Filibiyawa sura ta 2, a numfashi ɗaya ya umarce su su yi ta aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Manyan da muke alfahari da su ma ba su gani ba. Agustin, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ya tuba a wani lambu a birnin Milan a shekarar 386, ana kuma yawan ba da labarin kamar walƙiya ce ta faɗo masa. Ana mantawa da shekarun da uwarsa Monika ta yi tana kuka da addu'a, da watannin da ya yi yana sauraron wa'azin Ambros, da cewa sai a Ista ta 387 aka yi masa baftisma bayan koyarwa. Martin Luther, wanda ya fi kowa kafewa a kan cewa ta bangaskiya kaɗai ake samun karɓuwa, batu na farko cikin 95 ɗin da ya fitar a 1517 cewa yake dukan rayuwar mai bi tuba ce. Da ya zagaya ƙauyukan yankinsa ya tarar da mutane masu sunan Kirista ba su san Dokoki Goma ba, sai ya rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa a 1529, ya kuma ɗora nauyin koyar da shi a kan maigida. John Wesley ya san ranarsa har da sa'a, 24 ga Mayu 1738 da dare, a Landan. Da shi ne irin namu da ya tsaya nan yana ba da shaida. Maimakon haka ya rarraba mutanensa ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu kowace, suna haɗuwa mako-mako ana tambayar kowa yadda ransa yake, ana sabunta katin zama ɗan ƙungiya bayan wata uku-uku.

Ƴan uwanmu Katolika sun daɗe suna kallon abin a matsayin tafiya, shi ya sa babba mai neman baftisma a wurinsu yakan yi shekaru yana koyo kafin daren Ista. Gardamarsu da Furotesta a kan wannan ta yi zafi ƙwarai tun taron Trent na 1547, sai a ranar 31 ga Oktoba 1999 su da Lutarawa suka sa hannu a Augsburg ta Jamus a kan cewa alheri kaɗai ke sa a karɓi mutum, Ruhu kuma shi ke sabunta zuciya ya kira ga ayyukan kirki. Ina da abubuwan da ban yarda da su ba a koyarwarsu, kuma akwai haɗari na gaske a wancan gefen, na mutum ya rayu bai taɓa samun kwanciyar rai ba, kullum yana auna kansa a sikeli. Amma ba wannan ce cutar da ke damun majami'un da na sani ba. Ba a ba mai zazzaɓi maganin ciwon da maƙwabcinsa ke yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu manoma ne, ko ƴaƴan manoma. Wa zai gaya wa mutumin Gobir ko na Katsinar Maraɗi cewa tsiro shi ne damma? Ruwan farko ya sauka, a fita da sungumi, kwana huɗu gona ta yi kore, kowa na murna. Sai ruwa ya ɗauke mako uku, shuka ta ƙone, a sake neman iri. Wadda ta tsira ma tana jiran noman fari da maimai, ga tsutsa ga tsuntsu, sai an ga gero a rumbu ake cewa an gode Allah. Yesu da ya ba da misalin mai shuka, irin da ya fi saurin tsirowa shi ne wanda ya faɗa kan dutse inda ƙasa ba zurfi, ya kuma fassara shi da mutumin da ya ji magana ya karɓa nan take da murna, amma ba saiwa, wahala na zuwa ya bushe. Karɓa nan take da murna: ashe ba ainihin abin da muke ɗauka hoto ke nan a daren ƙarshe ba? Ban ce duk wanda ya ɗaga hannu a kan dutse yake ba. Na ce a daren ba wanda ya isa ya sani, har shi mai wa'azin.

Wahalar kuwa tana zuwa, a ƙasar nan ba sai an yi mana bayani ba. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari a Yamai, an ƙone majami'u da dama, mutane suka kwana a ɓoye, wasu a gidajen maƙwabtansu Musulmi da suka rufa musu asiri. Waɗanda suka dawo suka yi sujada a cikin toka, suka buɗe baki suka ce sun yafe, ba a dare ɗaya suka koyi wannan ba. Tsofaffin da suka riƙe majami'un Tsibiri da Galmi da Danja sun fito daga zamanin da mutum kan yi shekaru yana koyon karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, ana duban zamansa da matarsa da cinikinsa a kasuwa kafin a kai shi ruwa. Ƴan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924 sun yi shekaru masu yawa ba su da adadin da za su yi taƙama da shi. Abin da suka bari bai da yawa, amma ya yi saiwa. Yaronmu na yau zai tafi jami'a a Yamai, ko haƙar zinariya a arewa, ko ya bi motar Agadas, inda ba uwa ba fasto, abokan ɗakinsa za su yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Allah-uku-cikin-ɗaya da gicciye. Kwanan watan da ya ɗaga hannu ba zai amsa masa ko ɗaya ba.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya dawo daga taro ya ce ya ba da ransa ga Yesu, ku yi murna da shi da gaske, kada ku kushe. Sa'an nan ku sani aikinku ne ya ƙaru. A buɗe Littafi bayan tuwon dare, ko aya biyar ce. In ya yi laifi, kada a ce masa “ashe tubarka ta ƙarya ce”, kada kuma a ce “ba kome, an riga an cece ka”. A koya masa ya amsa laifinsa, ya mayar da abin da ya ɗauka kamar yadda Zakka ya yi, ya nemi gafara a matsayin ɗan gida wanda ba a kora. Wanda bai san ranarsa ba a bar shi ya huta. A tambaye shi ga wa yake dogara yau.

Malaman makarantar Lahadi da masu shirya tarurruka kuma, roƙona ɗaya ne, kuma zan kai shi gaban dattawa kafin a tsara taron hutu mai zuwa. Kafin a buga sabon kati ko a gayyato mai wa'azi, a ɗauko kayen bara da na bara waccan, a kira sunayen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke kiran suna da safe a aji. Wane yana ina? Wa ya ziyarce shi? Wa ke koya masa? Sau nawa sunansa ya fito a kaye daban-daban? In an gama wannan, sai mu zauna mu yi maganar kuɗin mota da na shinkafa.